Turancin Suhaibu Mai Bulo

Duk wanda ya taɓa tayar da ko katangar bayan gida ce a Daura ya san Suhaibu mai bulo. In bai san bulonsa ba, to ya san bakinsa, don bakin ya fi bulon ƙwari. Mutum ne da bai taɓa wuce Kazaure ba, amma in ana hirar Legas a majalisa shi ke yi wa waɗanda suka je gyara.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai a duniya, gaban motar Alhaji Mainasara. Alhaji falken raguna ne, duk shekara in Babbar Sallah ta ƙarato sai ya cika tirela ya nufi Legas. A gaban tirelar nan akwai kujera tsakanin direba da Alhaji, kujerar mai yi wa masu shinge magana in an shiga Kudu, inda Hausa ke fara ƙaranci. Kalilu ne ke riƙe da ita tun tuni, bana kuwa ciwon baya ya hana shi doguwar tafiya. Da labari ya kai kunnen Suhaibu, ko hannu bai wanke ba, da simintinsa ya faɗa zauren Alhaji.

"Allah ya ƙara girma, Alhaji. Na ji ana ta neman mai Turanci har Katsina, ga ni kuwa a bayan gidanka."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Kai Suhaibu? Ba kai ne ka gudu daga firamare ba?"

"Ba gudu na yi ba, Alhaji, ganewa na yi da wuri na bar wa masu nauyin kai wuri. Ai Turanci bulo ne. Ƴan boko suna can suna tara yashi ɗaya bayan ɗaya, wai haddar kalmomi. Ni mazubi na kama. In kana da mazubi, duk yashin da ka samu zubawa kake yi, ka danna, ka ɗaga, magana ta fito da kusurwarta huɗu."

"To nawa ne mazuban?"

"Biyu ne da murfi. Na tambaya, haw is yuwa, sai ka zuba abin da kake tambaya. Na buƙata, ai want tu, sai ka zuba abin da kake so. In an gama ka rufe da tank God. Duk Turancin duniya, har na Ingila, a nan yake kwana."

Alhaji bai san gaskiya ba ne ko ƙarya, shi dai ya ji abin ya yi kama da abin da ake yi a rediyo. Ya ɗan shafa gemu ya ce, "To ga gwaji. Matar da ke ba mu masauki a kasuwar Legas, Madam Ronke, za ta zo ganin ragunan bana ita da maigidanta, Mista Kunle. Ta Katsina za su biyo. Ranar ni ina kasuwar Mashi ina cike sauran kaya, sai da la'asar zan dawo. Ka tarbe su a ƙofar gidan nan. In na same su cikin jin daɗi, kujera taka ce. In ka ba ni kunya, kada in ƙara jin ko gud mornin a bakinka."

"Alhaji, ka ce wa direba ya fara share mini wuri."

Wani da ya samu wannan dama sai ya je ya natsu. Suhaibu kuwa sai ya ga mutum ɗaya ya yi wa tarba kaɗan. Gara Alhaji ya dawo ya tarar da runduna guda tana Turanci, a ce duk ɗaliban Suhaibu ne. Washegari ya buɗe makaranta a filin bulonsa, ya kafa doka guda: wanda ya wuce firamare kada ya tako, don ƴan boko ɓata aji suke yi da tambayoyin banza.

Ɗalibai suka samu. Ga Jibril bakanike mai gareji a bakin titi, ga Maiturare mai waina, ga ƴan acaba da babu fasinja, ga wani tsoho da ya zo don inuwa kawai. Suhaibu ya nuna musu jerin bulo ya ce kowa ya zauna. Cikin zumuɗi ya manta na safiyar nan ne, ko shan iska bai gama ba. Bai kai ga rufe sallama ba aji ya fara nutsewa. Maiturare, da Allah ya yi wa jiki, ita ta riga kowa isa ƙasa, ta miƙe da siminti a zane tana salati.

"Malam, wannan shi ne darasin farko?"

"Wannan misali ne. Haka maganar da ba ta bushe ba take rushewa. Ku tashi tsaye, dama a tsaye ake Turanci."

Aka fara. Suhaibu ya ɗaga mazubin ƙarfe sama ya ce, "Haw is yuwa!" Aji ya amsa. Ya damƙo yashi ya watsa ciki ya ce, "Wok!" Aji ya haɗa, "Haw is yuwa wok!" Ya zazzage, ya sake damƙowa, "Haus!" Haka aka bi ta kan waif da cildiren da rod da tayad, wato gajiya, har yashin Turancin malam ya ƙare.

Jibril ya ɗaga hannu. "Malam, in ana so a ce ya haƙuri da zafi fa?"

"Sai ka zuba na gida. Haw is yuwa haƙuri. Mazubi ba ya tambayar yashin wane rafi ne."

Kafin a ce kwabo abin ya bazu a unguwa. Ɗan acaba ya tsaya gaban tsohuwa ya ce haw is yuwa ƙafa, ta ɗaga masa sanda. Maiturare ta riƙa ce wa masu saye ai want tu ku kawo kwano. Liman da kansa sai da ya aiko a tambaya ko wata sabuwar ɗariƙa ce ta shigo gari.

Wata rana ana tsakiyar darasi sai ga wani ɗan bautar ƙasa, mutumin Kudu, ya zo wucewa da kakinsa. Suhaibu ya ce wa aji su zuba ido, ya tare shi.

"Haw is yuwa wok?"

"Fain," in ji saurayin, yana sauri.

"Haw is yuwa haus?"

"Fain, fain."

"Tank God!"

Saurayi ya yi murmushi ya wuce. Aji ya ɗauki tafi. Suhaibu ya koma gida yana tafiya kamar wanda aka naɗa.

A gida ne kawai ba a yi tafi ba. Kubura matarsa tana tankaɗe ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "To Baban Rauda, na ji ka iya tambaya. In mutum ya buɗe baki ya ba ka amsa fa?"

"Wace amsa? Amsa ai ɗaya ce, fain. Shi ne lafiya lau ɗinsu."

"In ba fain ɗin ba ce fa?"

"Ke Kubura, tun da uwarki ta haife ki kin taɓa gaida mutum ya ce miki ba lafiya? Ranar da muka je duba kawunki a asibiti, ƙafarsa a rataye, da na ce ya jiki me ya ce?"

"Da sauƙi."

"To! Ɗan'adam ɗaya ne ko'ina. Gaisuwa ba a saurarenta, jiran ta ƙare ake yi."

"Allah ya sa baƙin sun san haka."

"Ai ke ko Aljanna aka kai ki sai kin tambayi ina ƙofar fita."

Ranar zuwan baƙi, tun hantsi Suhaibu ya sa aka share ƙofar gidan Alhaji, aka shimfiɗa darduma ƙarƙashin dalbejiya, aka jera filo. Maiturare ta kawo waina, Kubura ta damo fura a ƙwarya ta tsaya daga bakin zaure tana kallo. Ɗalibai suka yi layi cikin kayan Juma'a, har Jibril ya rufe gareji ya wanke baƙin mai. Suhaibu ya aro babbar riga da ta fi shi tsawo, ya maƙala biro a aljihu.

Ana jiran mota, sai ga mashin ya tsaya. Wani dattijo mai gilashi ya sauko daga baya, gumi ya jiƙe masa riga, yana ta maimaita, "Alaji Mainasara? Alaji Mainasara?" Mista Kunle ke nan, tsohon ma'aikacin banki, wanda ko zo in kashe ka bai sani ba da Hausa. Abin da ya faru kuwa, motarsu ce ta mutu a daji kusa da Dutsi. Wayarsa caji ya ƙare, ta Madam ba sabis. Madam ta ce ita da gwiwar nan tata ba ta hawa mashin, shi ya je ya ambaci sunan Alhaji ya zo da mai gyara, ita za ta tsare kaya.

Duk wannan bai samu bakin faɗa ba. Suhaibu ya riƙe masa hannu da hannu biyu, ya ja shi kan darduma, ya zaunar, ya zare masa takalmi da kansa. Da ya ga sun yi ƙura sai ya miƙa wa wani ɗan acaba ya ce a kai bakin kasuwa a goge su tas, kada a dawo da su sai suna ɗaukar ido. Sannan ya durƙusa, ya gyara murya.

"Haw is yuwa rod?"

Fuskar Mista Kunle ta washe, ya ga Allah ya haɗa shi da mai Turanci. Shi kuwa mutum ne da in ka tambaye shi abu sai ya ɗauko shi daga tushe. Ya fara daga fitowarsu Katsina, ya bi ta ƙarar da injin ya soma yi, da hayaƙin da ya tashi, da yadda mota ta yi tari ta tsaya cak. Suhaibu yana ta gyaɗa kai yana murmushi, yana jiran wurin da zai numfasa. Yana numfasawa kuwa ya ɗora murfi.

"Tank God!"

Aji ya amsa baki ɗaya, "Tank God!"

Baƙo ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, me ya ce?" in ji Maiturare. "Ban ji fain a ciki ba."

"Fain ɗin manya ce, doguwa. Wannan a banki ya yi aiki, ba ɗan bautar ƙasa ba ne. Haw is yuwa mota?"

Mista Kunle ya zabura. Ya kama sitiyari a iska, ya yi tari irin na inji, ya watsa yatsu sama alamar hayaƙi, sannan ya kifa tafin hannu ya ja shi a wuya.

Jibril ya ɗan matso. "Malam, anya motar nan lafiya?"

"Kai komai ka gani sai ka ce gyara. Yabonta yake yi, ya ce gudu take kamar ta tashi sama, duk wanda ya ja da ita ya mutu. Koma layi. Tank God!"

"Tank God!"

"Haw is yuwa waif?"

Nan ne dattijo ya miƙe tsaye. Ya nuna yamma, ya nuna rana, ya dafa kai, ya dafa gwiwa, yana bayanin yadda ya baro baiwar Allah a bakin hanya ba ko inuwa, ba ruwa, ga hawan jini.

"Allah sarki," in ji Suhaibu, ya juyo ga aji. "Kun ga soyayya irin ta ƴan Kudu? Ya ce matarsa kamar rana take, ita ce kansa ita ce ƙafarsa. Kubura, kina ji ko? Tank God!"

Kubura ta ce daga zaure, "To ina matar? Ba su biyu aka ce ba?"

"Tana tafe. Manyan mata ba sa isowa tare da miji."

Mista Kunle ya duba gefen darduma don ya sa takalmi ya nemi wani, ya ga wayam. Ya taka ƙasa da ƙafa ɗaya, ƙasar azahar ta gaishe shi, ya yi tsalle ya dawo kan darduma. Ya haɗa hannu biyu ya fuskanci Suhaibu, ya ce a hankali, "Ai want tu," sauran kuma ya zubo da gudu kamar mashin da birki ya tsinke.

Suhaibu ya daka tsalle har rigar aro ta harɗe shi. "Kun ji? Kun ji da kunnenku? Mazubi na biyu! Daga Legas ya taho da shi, iri ɗaya sak da nawa! Wa ya ce ƙarya nake yi?"

Aji ya ɓarke da tafi da kabbara.

"To me yake so?" in ji Kubura.

"Me baƙo ke so da tsakar rana? Kawo furar."

Aka ɗora masa ƙwarya a cinya. Ya ture, aka mayar, don an san baƙo da kunya. Ya hango gorar ruwa, ya fizge ta ya rungume yana nuna yamma, nufinsa a kai wa Madam. Suhaibu ya ce ashe ma mai son wanke hannu ne, ya karɓe gorar ya tsiyaye masa ita a hannu har ƙasa.

Daga nan aka buɗe layi. Ɗalibi ya zo ya durƙusa, ya zuba nasa yashin, ya rufe, ya ba na baya wuri. Haw is yuwa tayad. Haw is yuwa cildiren. Haw is yuwa mutanen Legas. Tsohon nan mai neman inuwa ya manta mazubin gaba ɗaya, ya ce masa tank God kawai ya koma ya zauna. Tun Mista Kunle yana bayani har ya koma gajeren bayani, har ya koma nishi. Can da yunwa ta ci ƙarfinsa ya ɗauki ludayi ya kai fura baki, hawaye na taruwa a bayan gilashi.

"Kun gani?" in ji Suhaibu. "Daɗi har ya sa shi kuka."

Ludayin na bakinsa a-kori-kurar Alhaji ta shawo kwana daga hanyar Mashi. A gaba, kusa da direba, buhunan dusa ne da Alhaji a matse. A baya kuwa, tsakiyar raguna, wata mace ce zaune a kan akwati, fuska ta yi jawur, wani rago yana tauna bakin ɗaurin kanta. Alhaji ne ya tsince ta a bakin hanya yana dawowa, ta ƙi yarda ta rabu da akwatunanta, ta hau baya tare da su.

Aka sauko da ita da ƙyar. Ba ta dubi kowa ba sai mijinta, a kan darduma, jingine da filo, ga waina ga fura. Abin da ta faɗa masa da Yarabanci ba wanda ya ji, amma har ragunan sai da suka yi shiru. Shi kuma ya miƙe ba takalmi yana rantse-rantse, yana nuna Suhaibu da ludayi.

Suhaibu ya ga lokacin nuna gwaninta gaban Alhaji ya yi. Ya tako ya durƙusa. "Madam, haw is yuwa..."

"Rufe mini baki, bawan Allah!"

Da Hausa ta faɗa, tatacciya, don a Sabon Garin Zariya aka haife ta. Layi ya ja da baya.

"Kai ne mai tank God? Ya ce maka mota ta mutu, ka ce tank God. Ya ce maka ya bar matarsa a rana tana gasuwa kamar tsire, ka ce tank God, har da ƴan amshi. Ya roƙe ka mai gyara, ka ba shi fura. Me na tare maka a duniya? Mun taɓa haɗuwa?"

Jibril ya dafe kai. "Mai gyara? Ni fa tun hantsi nake tsaye a nan ina tambayarsa gajiya!"

"Madam, a yi adalci," in ji Suhaibu, yana share gumi da hannun rigar aro. "Turancina ba inda ya karkace, ki tambaye shi. Shi ne ya saɓa ƙa'ida. Gaishe shi aka yi, ba labari aka tambaye shi ba. Mutum ya ce fain tukuna, a gama, a sha ruwa, sannan in da matsala ya kawo ta a hankali. Ina aka taɓa zuba matsala a cikin gaisuwa?"

"Da ya kawo ta a hankali za ka ji?"

Kubura ta taimaka wa Suhaibu daga zaure. "Wannan mazubin bai iso ba tukuna, Madam, yana hanya."

Dariya ta kece, har maƙwabta da suka leƙo ta katanga. Madam ta so ta ci gaba da faɗa, sai ta ga ɗan acaba ya iso a guje riƙe da takalman mijinta suna walƙiya, ya durƙusa ya ajiye ya ce tank God. Nan ita ma ta sake, ta zauna a bakin darduma tana dariya tana riƙe gwiwa, ta jawo ƙwaryar furar gabanta.

Alhaji ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya tura Jibril da ɗan acaba Dutsi su duba mota, ya ba baƙi haƙuri, sannan ya juyo.

"Suhaibu."

"Allah ya ƙara girma."

"In na sa ka a gaba, mai shinge ya ce zai kwana da mu a caji ofis, me za ka ce masa?"

Maiturare ta riga shi, "Tank God!"

"Kujera dai ka rasa ta," in ji Alhaji. "Amma Legas za ka je, don ina neman mai ba raguna ruwa a hanya. Ka hau baya wurinsu. Su kam duk abin da ka tambaye su, amsarsu ɗaya ce."

Suhaibu ya dubi ragunan, ragunan suka dube shi. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara zaman biro a aljihu, ya juya ga ɗalibansa da ke ta matse dariya.

"Me kuke wa dariya? A gaban mota mutum biyu kacal zan koyar, Alhaji da direba, duk sun tsufa da karatu. Yanzu aji guda aka ba ni, ɗari da wani abu, kuma ba mai ɗaga hannu."